Mai Taɓin Hankali a Idon Kyamara

A 1960 Alfred Hitchcock ya fitar da Psycho, inda Norman Bates, mai wani ɗan otal a bakin hanya, ke sa tufafin mahaifiyarsa da ta rasu yana daɓa wa baƙi wuƙa. Daf da ƙarshe an kawo likitan ƙwaƙwalwa ya yi bayani, amma wa ke tuna bayaninsa? Wuƙar ce ta zauna a zukatan masu kallo.

Sai 1975, One Flew Over the Cuckoo's Nest ya juya zargin kan asibiti. A can ma'aikaciyar jinya Ratched ke mulkin ɗaki kamar gandiroba, aka danne jarumin fim ɗin, Jack Nicholson, aka jona masa lantarki a ka, ido biyu, don ladabtarwa. Fim ɗin ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar biyar, kuma ya cancanta. Sai dai ya ɓata sunan wannan hanyar magani, wadda a ƙa'idarta ta yau sai an yi wa majinyaci allurar barci, kuma takan ceto wanda matsananciyar damuwa ta hana shi ci da sha.

Matashin da ke gidan kallo a Dutse ko Kiyawa da wuya ya san Hitchcock, amma jikokin Bates na iso masa ta finafinan fassara. Kannywood kuma ta ɗora nata: tsumma, kan juji, yara na bi da ihu, sanadi kuwa kishiya ce ta yi sammu, malam ya karya, shi ke nan. Da ƙyar ka ga majinyaci zaune a layin ganin likita da katinsa a hannu, ko ya koma sana'arsa yana shan magani. Alhali Jihar Jigawa na da asibitin masu taɓin hankali a Kazaure. Iyalin da suka ɗauki asibiti kurkuku kan ɓoye ɗansu a ɗaki, ko su kai shi gidan mari, irin waɗanda 'yan sanda suka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019. Sai a Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Hollywood ma ta taɓa gwada wata hanyar. A The Snake Pit na 1948, Olivia de Havilland ta fito a matsayin mai jinya a asibitin gwamnati mai cunkoso. An nuna wulaƙancin wurin ba ɓoye-ɓoye, aka kuma nuna likitan da ya zauna yana sauraronta har aka sallame ta, ta bi mijinta gida.