3.2 Horar da Masu Kula da Filayen Wasanni a Makarantun Tudun Wadan Zariya

A wannan sashe za a yi bayanin irin horon da ya kamata shugabannin makarantu da malaman wasanni su samu domin kare ɗalibai daga rauni. Wasannin makaranta sun daɗe a wannan yanki, musamman tun da Kwalejin Barewa ta dawo Zariya daga Kaduna a shekarar 1949.

Abu na farko da ake koya wa mai kula da fili shi ne sanin halin ƙasa a kowane lokaci na shekara. Da damina ruwa kan zaizaye fili ya bar ramuka, ciyawa kuma ta yi tsawo har macizai su samu maɓoya. Da rani kuwa ƙasa kan bushe ta yi tauri, ga tsidau da ƙarangiya, ta yadda faɗuwa kaɗan kan jawo targaɗe ko karaya.

Abu na biyu shi ne zagaya fili kafin a fara wasa, a tsince fasassun kwalabe da duwatsu, a cike ramuka, a rushe suri, sannan a tabbatar turakun raga sun kafu sosai. Haka kuma ana koyar da taimakon farko da rubuta duk raunin da aka samu a littafi. Wannan littafi ne zai nuna wa shugaban makaranta ɓangaren filin da ya fi jawo rauni, don a fara gyara daga nan.