Lulluɓe Gindin Itatuwa Don Tsare Danshi

Sau da yawa magidanci yakan dasa mangwaro, ko gwaiba, ko lemo a gidansa da damina, amma kafin bazara ta wuce sai dashen ya bushe. Dalili kuwa shi ne iskar hunturu da zafin rana sukan zuƙe ruwan da aka ba shi tun saiwa ba ta sha ba. Maganin wannan shi ne lulluɓe ƙasar da ke gindinsa.

Ana yin lulluɓin da busasshiyar ciyawa, ko ganyaye, ko ɓawon gyaɗa, ko ƙaiƙayi, ko buntun shinkafa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, tun ƙasa tana da laima. Da farko a cire hakin da ya tsiro, a ba itacen ruwa sosai, sa'an nan a yi shimfiɗa mai kaurin santimita 5 zuwa 10 kewaye da shi, har iyakar inuwar rassansa. Shimfiɗar takan tsare danshi, ta sanyaya ƙasa, ta danne haki, in ta ruɓe kuma ta zama taki.

Amma kada a tula ta a jikin itacen. Lalle a bar tazarar kamar tafin hannu, domin laima mai daɗewa takan ruɓar da ɓawo, ta jawo gara. A riƙa motsa ta da sanda saboda kunama, a kuma nisanta ta da murhu don gudun gobara. In ta yi ƙasa, sai a ƙara sabuwa.

Wanda ya kiyaye wannan zai rage wahalar ban ruwa, iyalinsa kuma su sami inuwa da 'ya'yan itace.