Sandar hoki da tarbar ƙwallo mai ƙarfi

Matashin Madawa ko Keita da ya kalli wasan Kada Stars ta Kaduna har hoki ya burge shi, ya fara da neman sanda daidai ƙugunsa. Dokar hukumar hoki ta duniya, FIH, ta hana ta wuce santimita 105 ko giram 737. Sanda mai yawan kabon tana harba ƙwallo da ƙarfi, amma taurinta kan sa ya yi tsalle ya kuɓuce wajen tarba. Ɗan koyo dai, ta itace ta fi masa.

In ƙwallo ya taho a guje, a rusuna, a sassauta hannun dama, a karkata fuskar sandar gaba, a ɗan ja ta baya yayin da ya iso. Taɓa ƙwallo da bayan sanda laifi ne.