Ɗaura wa motar daji sifirin wata mota

Sifirin shi ne ƙarfen da ke tsakanin gangar jikin mota da ƙafafunta. Shi ke ɗauke da nauyin motar da na lodin da aka yi mata, shi ke lanƙwashewa idan taya ta hau tudu, ya miƙe idan ta faɗa rami. Kowace mota akwai wanda kamfaninta ya auna mata daidai nauyinta. Duk da haka, a garejojin Dutse ba baƙon abu ba ne a ciro sifirin wata mota a ɗaura wa wata, musamman Hilux da Land Cruiser da Prado da Pajero, motocin da ke barin kwalta su shiga ƙauye.

Dalilin a fili yake. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Wudil da Shuwarin tana da kwalta, haka wadda ta tashi daga Dutse zuwa Kiyawa da Jahun. Amma da zarar an sauka daga kansu za a nufi ƙauyukan Miga ko Buji ko cikin Jahun, sai burji mai gargada da rairayi, in damina ta yi nisa kuma sai taɓo da zaizayar ruwa. Ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi da kwalbatoci da dama a jihar Jigawa, motoci suka koma zagaye ta gonaki. A kan irin waɗannan hanyoyi ake jigilar buhunan gero da riɗi da shinkafa zuwa kasuwannin Shuwarin da Gujungu da Sara. Galibin motocin kuma sun sha aiki a wata ƙasa ko a wata ma'aikata kafin su zo hannun mai su na yanzu, sifirinsu ya riga ya gaji, bayan motar ya zauna. Sabon na asali ya yi tsada, balle tun faɗuwar darajar naira a 2023. Sai mai mota ya tura bakanike kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya zaɓo abin da ya samu cikin kayan gwanjo.

Wannan dabara ba a Jigawa aka fara ta ba. A Amurka, masu Toyota 4Runner ƙirar 1996 zuwa 2002 sun daɗe suna sa sifirin gaban Land Cruiser 80 a bayan motocinsu don su ɗaga su. Abin yana yiwuwa, kuma yana yin kyau idan an yi shi bisa awo. Matsalar tana zuwa ne idan ido kaɗai aka sa ya yi zaɓin.

Iri uku ake samu a waɗannan motoci. Akwai na falle-falle, wato dogayen ƙarafa da aka jera wani kan wani, babban cikinsu shi ne menlif mai ido a kowane ƙarshe, santabol kuma ya ɗaure su a tsakiya. Shi ne a bayan Hilux da L200 da Land Cruiser a-kori-kura. Akwai na naɗi, wanda kanikawa ke kira kwayil, a ƙafa huɗun Land Cruiser 80 na 1990 zuwa 1997, da Prado, da gaban Hilux tun ƙirar 2005. Land Cruiser 70 ma ta koma kwayil a gaba tun 1999, ta bar falle a baya. Na uku sanda ce miƙaƙƙiya da ke aiki ta hanyar murɗewa, tana gaban Land Cruiser 100 da tsohuwar Pajero. Ita ba kasafai ake musanya ta da ta wata mota ba, domin tana da kusar da ake ɗaurewa a daidaita tsayi.

Abu biyu ne ke bambanta sifirin da ɗan'uwansa: tsayinsa idan ba a ɗora masa komai ba, da taurinsa. Mutane sun fi kula da na farko saboda shi ake gani, alhali na biyu ne ke yanke yadda mota za ta yi tafiya. Taurin kwayil ya dogara ne kan kaurin ƙarfen da faɗin zagayen da yawan naɗin, kuma kaurin ya fi komai tasiri. Idan aka ajiye kwayil biyu masu faɗi ɗaya da naɗi ɗaya, ɗaya kaurinsa milimita 14, ɗaya 15, na biyun ya fi na farkon tauri da kusan kashi 32 cikin ɗari. Milimita ɗaya tak, wadda ido ba zai raba ba a rumfar mai kayan gyara. Yawan naɗi kuwa akasin abin da ake zato yake yi: wanda naɗinsa ya fi yawa ya fi laushi. Shi ya sa yanke zagaye ɗaya don a rage tsayi yake ƙara wa kwayil tauri, ya kuma ɓata bakin da ke zama cikin mazauninsa.

Na falle ma haka lissafinsa yake. Falle mai kaurin milimita 8 ya fi mai 7 tauri da kusan rabi, kuma gajere ya fi dogo tauri nesa ba kusa ba. Sai faɗi: na Hilux milimita 60 ne, na Land Cruiser 70 kuwa milimita 70, don haka ba ya shiga mazaunin Hilux sai an sauya hanga da yubol da farantin da ke ƙarƙashi. Awon da aka fi mantawa da shi shi ne nisan da ke tsakanin idon gaba na menlif da santabol. A motoci da yawa santabol ba a tsakiya cif yake ba. Idan na sabon ya matsa gaba ko baya, aksul ɗin gaba ɗaya zai matsa, taya ta riƙa gugar bodi, farfela ta cushe ko ta zaro fiye da kima. Idan kuma hagu da dama suka bambanta, motar za ta riƙa tafiya a karkace, tana cin taya.

Ko motoci masu suna ɗaya sai an tantance. Mai injin dizal ta fi mai fetur nauyi a gaba, sifirinsu ba ɗaya ba ne. A wasu ƙirar Toyota, kwayil ɗin gefe ɗaya ya ɗara na ɗaya gefen tsayi, saboda nauyin direba da tankin mai da batir. Kayan gwanjo da yawa daga motocin Japan suke fitowa, masu sitiyari a dama, alhali motocin Najeriya sitiyarinsu a hagu yake tun sauyin hannu na 1972. Bakanike mai lura yakan auna duka biyun kafin ya yanke wanne zai sa a wane gefe.

Idan zaɓi ya yi daidai, ribar a bayyane take. Bayan mota ya daina zama, cikinta da bamba sun daina dukan ƙasa a gangaren kwalbati, fitila ta daina haska sama idan an yi lodi. Amma akwai abu biyu da sifirin ba ya yi, kuma a kansu ne masu mota suka fi ruɗuwa.

Na farko, ba ya ɗaga tulun aksul. A motar da aksul guda ya haɗa ƙafar hagu da ta dama, jiki ne kawai ke tashi, tulun yana nan inda yake, domin taya ce ke riƙe da shi. A hanyar da manyan motoci suka haƙa sawu biyu suka bar tudu a tsakiya, tulun nan ne ke fara kamawa, kuma girman taya kaɗai ke ɗaga shi. A rairayi ma rage iskar taya ya fi ɗaga mota amfani, in dai za a mayar da iskar kafin a hau kwalta.

Na biyu, ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya. Hilux kusan tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, har da direba da fasinja, wato bai kai buhu goma na mai kilo 100 ba. An rubuta iyakar nauyin a ɗan allon ƙarfe ko takardar da ke jikin motar. Ƙarin falle biyu daga wata babbar mota zai sa ta tsaya ƙyam da buhu ashirin, amma boris da aksul da taya da birki da casis duk na da ne. A da, zaman bayan motar ne ke gaya wa direba cewa lodi ya isa. Yanzu an kashe wannan alama, nauyin da bugun gargada suna wucewa kai tsaye zuwa casis, wanda yakan tsage kusa da hanga ko a tsakanin kai da bodi. Idan motar ta dawo ba kaya kuma, bayanta ya riƙa tsalle, taya tana barin ƙasa, birki da kwana su zama abin tsoro.

Maganar birki ita ce mafi muhimmanci, kuma ita aka fi yin shiru a kanta. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser da yawa suna da wani bawul a casis ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa auna yadda bayan mota ya zauna. Idan ya zauna sosai, bawul ɗin ya san akwai lodi, sai ya ƙara wa ƙafar baya ƙarfin birki. Idan ya tashi, sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle motar ta juya. Da zarar an sa sifirin da ya fi tsayi ko tauri, bawul ɗin zai ɗauka kullum motar ba kaya, ko da an cika ta maƙil. Ƙafar gaba ce za ta ɗauki kusan dukan aikin, ta yi zafi, motar ta ƙi tsayawa inda ake so. Gyaran ba wuya: a ɗaga mariƙin ƙarfen daidai yadda motar ta tashi, a sake saita shi. Ɗaure bawul ɗin da waya ko cire shi ba gyara ba ne. Wannan aiki bai kamata a bar gareji ba a yi shi ba.

Sauran sassa ma suna jin canjin. Shakazoba ita ke kashe tsallen sifirin, ita ce kuma ke iyakance saukar ƙafa. Idan ta yi gajarta za ta riƙa miƙewa har ƙarshe tana ƙwanƙwasa, ta mutu da wuri. Idan ta yi tsayi, kwayil na iya zamewa daga mazauninsa. Tiyon birki da wayar ABS dole a duba su bayan an ɗaga motar ƙafa ta sauko iya saukarta, kada su zama su ne ke riƙe da aksul. A gaban Hilux da Prado, inda kowace ƙafa ke motsi ita kaɗai, kwayil ba a bakin taya yake zaune ba, don haka ƙarin tsayinsa yakan ɗaga motar kusan ninki biyu. Nan ne shaf ke karkacewa, robarsa ta yage, yashi ya shiga giris. Saboda irin wannan ne ake ɗaukar milimita 50, wato inci biyu, a matsayin iyakar ɗagawa ba tare da sauya wasu sassa ba, kuma a yawancin jihohin Ostireliya abin da ya wuce haka sai da takardar injiniya. Mota mai tsayi kuma ta fi saurin kifewa, balle idan an jera kaya da mutane a sama.

Wuta ba ta jituwa da sifirin. Ƙarfensa an gasa shi an kuma sanyaya shi bisa ƙa'ida a masana'anta, daga nan ya samu halin lanƙwashewa ya dawo. Wannan nagarta ce ma ta sa maƙera ke neman tsohonsa su ƙera adda da gatari. Gasa falle da wutar gas don a ƙara masa lanƙwasa, ko yin walda a menlif da ya karye, yana lalata wannan hali, wurin ya yi laushi ko ya yi gautsi. Karyewar menlif a guje tana iya sakin aksul ya ja baya. Wanda ya tsage ko tsatsa ta ci shi da rami-rami ba na saye ba ne, komai arharsa.

Wajen ɗaurawa, hagu da dama ake sauyawa tare. Motar ta zauna a kan ƙarfen tokari, ba a kan jak kaɗai ba, kwayil kuma a matse shi da na'urar matsewa, domin wanda ya kuɓuce yana iya karya hannu ko ya yi kisa. Yubol sabo ya fi, tun da tsoho ya riga ya miƙe. Ba a ƙarasa ɗaure kusoshin bushin sai an sauke motar nauyinta ya hau ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage. Daga nan a kai ta saitin ƙafa, a daidaita fitilu, a gwada birki ba kaya da kuma da kaya a fili inda ba jama'a. Bayan tafiyar kwanakin farko a kan gargada, fallen sukan ƙara zama, don haka sai a koma gareji a sake ɗaure yubol, a kuma auna tsayin kusurwa huɗun motar daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin bodi a ga ko wani gefe ya sauka.