Bayanin Kimiyya da Harshen Hausa: Yadda Kwamfuta Take Zana Abubuwa Masu Tace Haske

Gabatarwa

Sau da yawa malami yakan fara darasi da Hausa, amma da zarar bayani ya yi zurfi sai ya koma Ingilishi, bisa hujjar wai Hausa ba ta da kalmomin. A nan ne ake barin ɗalibi a baya. Saboda haka, a wannan darasi za a ɗauki batu guda daga fasahar zane da kwamfuta, a bayyana shi da Hausa, domin malamin gobe ya ga yadda ake yi.

Rabe-raben Abubuwa ta Fuskar Haske

Ana iya kasa abubuwa gida uku dangane da yadda suke karɓar haske. Akwai misalan kowane kashi a gonakin noman rani na Kura da Bunkure, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974.

Kashi na farko shi ne masu tare haske, kamar simintin magudanar ruwa. Na biyu shi ne masu sakin haske, kamar ruwan magudanar idan ya kwanta ya yi garai-garai har ana ganin ƙasansa. Na uku shi ne masu tace haske, wato waɗanda haske ke ratsawa amma ba a ganin abin da ke bayansu. Misalinsu shi ne ganyen shinkafa idan hantsi ya dake shi ta baya, da ƙwayar shinkafar da aka turara, da ɓawon albasa, da yankan tumatir. Haka ma madara da kyandir da fatar ɗan Adam.

Abin da ke faruwa a kashi na uku shi ne, haske yakan shiga jikin abu ya yi ta karo da ƙananan ƙwayoyin ciki, ya warwatsu, sannan ya fito ta wani wuri dabam. Wannan ne ya sa idan yaro ya rufe bakin tocila da yatsunsa sai su yi jawur, domin jan haske ya fi shuɗi nisan tafiya a cikin tsoka.

Matsalar da Kwamfuta ta Fuskanta

A da, kwamfuta takan ɗauka cewa haske yana komawa ne daga daidai inda ya sauka. Wannan lissafi ya dace da ƙarfe ko bango, amma fuskar mutum sai ta fito kamar ta roba, madara kuma kamar farin fenti. A 2001, Henrik Wann Jensen da Stephen Marschner da Marc Levoy da Pat Hanrahan, a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka fito da lissafin warwatsuwar haske a cikin jiki, bayan sun auna abubuwa irin su madara da dankali da fata da dutsen marmara. Masu shirya finafinai suka rungumi dabarar, har aka karrama uku daga cikin masanan a 2004 da lambar yabo ta fasaha daga hukumar da ke ba da kyautar Oska.

Sai dai mai fim yana da sararin barin kwamfuta ta kwashe sa'o'i tana zana hoto guda. Wasan kwamfuta kuwa dole ne ya fitar da hoto 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, kuma allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan 2. Wannan shi ake nufi da zanen nan-take, kuma a cikinsa babu lokacin bin sawun kowane haske.

Dabarun Zanen Nan-take

Mafitar da aka samu ita ce kwaikwayon sakamako maimakon cikakken lissafi. A 2007, Eugene d'Eon da David Luebke na kamfanin NVIDIA suka nuna cewa ana iya lissafa hasken da ya sauka a fata, a baza shi sau da dama zuwa ɗigon da ke maƙwabtaka, jan ya fi sauran launuka bazuwa, sannan a haɗa. A 2009, Jorge Jimenez da abokan aikinsa a Zaragoza ta ƙasar Sifen suka rage wahalar, ta hanyar yin bazawar a kan abin da ya bayyana a allo kaɗai. A 2011 kuma, Colin Barré-Brisebois da Marc Bouchard suka gabatar da dabarar taswirar kauri: tun kafin wasa ake auna kaurin kowane sashe a adana, ta yadda wuri marar kauri, kamar kunne ko ganye, zai yi haske idan fitila tana bayansa.

Kammalawa

Idan aka lura, kalmomin da suka ɗauki nauyin wannan bayani su ne tarewa da saki da tacewa da warwatsuwa da bazawa da kauri, kuma duk manomin Kura ya san su. Abin da aka yi shi ne faɗaɗa ma'anarsu, da harhaɗa wasu kamar zanen nan-take, da aron abin da ya riga ya zauna kamar kwamfuta da tocila. Sharaɗin kawai shi ne malami ya fahimci abin da kansa, sannan ya tsaya a kan kalmar da ya zaɓa har ƙarshen darasi.

Auna Fahimta

1. Kawo misalai uku-uku daga muhallinka na kowane kashi.
2. Me ya bambanta zanen fim da zanen nan-take?
3. Tsara darasin minti 10 a kan abubuwa masu tace haske, ta amfani da tocila da ganye.