Shirun ƙaramin ma'aikaci: Darasin da haɗurran jiragen sama suka bar wa shugabannin wuraren aiki

Da safiyar ranar Alhamis, 11 ga watan Yulin 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ɗauke da alhazan Najeriya zuwa Sakkwato. Jirgin mallakin kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, an yi hayarsa domin jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways.

Jim kaɗan bayan tashinsa wuta ta kama a cikinsa. Matuƙan sun juya da shi domin su koma filin jirgin, amma ya faɗi ƙasa da kilomita uku kafin titin sauka. Duka mutum 261 da ke ciki sun rasu: fasinjoji 247 da ma'aikata 14.

Masu bincike sun gano cewa biyu daga cikin tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska. Hakan ya sa tayoyi suka fashe lokacin da jirgin ke gudu a kan titi, suka yi zafi har suka kama wuta. Da jirgin ya ɗaga, sai aka naɗe ƙafafunsa zuwa cikin cikinsa tare da wutar.

Abin da ya fi ciwo a rahoton shi ne, akwai waɗanda suka san da matsalar tun kwanaki kafin ranar. An shirya sauya tayoyi a Accra, aka fasa saboda saƙon da ya zo daga manajan jigilar cewa an makara. An kuma taɓa alƙaluman iskar tayoyin a takardar gyara. A safiyar tashin ma babban makaniken ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, amma da manajan ya ji samunta zai jawo jinkiri, sai ya ce a bar maganar. Babu wata shaida da ta nuna an sanar da kyaftin ɗin jirgin. Makaniken da manajan duk suna cikin waɗanda suka mutu.

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A Jidda kuwa, wanda ya ga haɗarin shi ne wanda ya tsuguna a gindin taya, kuma maganarsa ba ta isa kunnen wanda ke da ikon dakatar da tafiyar ba.

Wannan ciwo ne da ba a jirgin sama kaɗai yake ba. Yana nan a asibiti da banki da masana'anta da makaranta da ofishin gwamnati. Bambancin kawai shi ne, ma'aikatan jiragen sama sun daɗe da ba shi suna, sun kuma nema masa magani.

Lokacin da ƙwararre ya yi kuskure

Haɗarin jirgin sama mafi muni a tarihi ya faru ne ranar 27 ga watan Maris na 1977 a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya. Jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM na Holan ɗaya kuma na Pan Am na Amurka, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo mai kauri. Mutum 583 suka mutu.

Wanda ke jan jirgin KLM, Kyaftin Jacob Veldhuyzen van Zanten, ba sabon hannu ba ne. Shi ne jagoran horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfanin, har hotonsa ake sawa a tallace-tallace. Shi ne ma ya yi wa mataimakinsa na wannan rana gwajin cancantar tuƙa 747.

Kyaftin ɗin ya fara gudun tashi alhali hasumiyar filin jirgin ba ta ba shi izini ba. Da farko mataimakinsa ya tuna masa cewa ba su karɓi umarnin hasumiya ba, ya ɗan dakata. Da aka karanto musu hanyar da za su bi bayan tashi, sai ya ɗauka izinin ke nan, ya sake taka wuta. Injiniyan jirgin, wanda ke zaune a bayansu, ya tambaya ko jirgin Pan Am ya riga ya sauka daga kan titin. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya sauka. Daga nan babu wanda ya ƙara cewa uffan. Daƙiƙoƙi kaɗan bayan haka suka ga jirgin a gabansu.

A ƙarshen shekarar da ta biyo baya, ranar 28 ga Disambar 1978, wani jirgin United Airlines ya yi ta shawagi kusan awa guda a sararin birnin Portland na Amurka, kyaftin ɗinsa ya duƙufa kan matsalar ƙafafun sauka. Abokan aikinsa biyu sun ga mai yana ƙarewa, sun kuma ambata, amma ba da kakkausar muryar da za ta dawo da hankalinsa ba. Mai ya ƙare, jirgin ya faɗa unguwar mutane, mutum 10 daga cikin 189 da ke ciki suka mutu.

A duka waɗannan haɗurra bayanin da zai ceci rai yana cikin ɗakin. Abin da aka rasa shi ne hanyar da zai fito daga bakin ƙarami ya shiga kunnen babba.

Maganin da aka samo

A 1979 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta shirya taron ƙwararru kan wannan matsala. Daga nan aka samar da wani horo na aiki tare tsakanin ma'aikatan jirgi, wanda ake kira CRM a taƙaice. United Airlines ne kamfanin farko da ya fara cikakken shirin a 1981, yanzu kuma ya zama dole ga matuƙan jiragen fasinja a faɗin duniya.

Horon bai sauke kyaftin daga kujerarsa ba. Har gobe shi ke yanke hukuncin ƙarshe. Abin da aka sauya shi ne, an ɗora masa nauyin neman jin ta bakin na ƙasa da shi, an kuma ɗora wa na ƙasan nauyin yin magana. Yin shiru a kan haɗari ya zama laifin aiki, ya daina zama ladabi.

Ana koya wa ƙaramin ma'aikaci yadda zai tsara maganarsa: ya kira shugaban da sunansa ko muƙaminsa, ya ce akwai abin da ya dame shi, ya faɗi matsalar ƙarara, ya kawo shawarar mafita, sannan ya nemi amsa. Maimakon ya ce "mai fa kamar yana raguwa", sai ya ce: "Kyaftin, hankalina bai kwanta ba. Man da ya rage ba zai wuce minti goma sha biyar ba. Ina ganin mu nufi sauka yanzu. Ka amince?"

An kuma gyara harshen aiki. Duk umarni mai muhimmanci da hasumiya ta bayar, sai matuƙi ya maimaita shi domin a tabbatar abin da aka faɗa shi aka ji. Bayan Tenerife, kalmar da ke nufin tashi ba a furta ta a rediyo sai lokacin da ake ba da izinin tashin ko ake soke shi.

An ga amfanin horon ranar 19 ga Yulin 1989. Injin wutsiyar wani jirgin United ƙirar DC-10 ya tarwatse a sama, ya lalata duka hanyoyi ukun da ake sarrafa jirgin da su. Wani mai horar da matuƙa, Dennis Fitch, yana cikin fasinjoji. Ya aika cewa zai iya taimakawa, Kyaftin Al Haynes bai ji girman kai ba, ya sa aka shigo da shi ya kuma damƙa masa sarrafa ƙarfin injina biyun da suka rage. Su huɗu suka lallaɓa jirgin har filin jirgin Sioux City. Ya kife wajen sauka, mutum 112 suka mutu, amma 184 daga cikin 296 suka tsira. Haynes ya sha faɗa daga baya cewa babu ɗayansu da ya taɓa koyon tuƙa jirgi a irin wannan hali, don haka babu dalilin da zai sa ya ɗauka ya fi sauran sanin mafita.

Daga jirgi zuwa ɗakin tiyata

Fannin lafiya ya ari wannan darasi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da takardar abubuwa 19 da ake dubawa yayin tiyata, ƙarƙashin jagorancin likitan tiyata Atul Gawande. Ana tsayawa sau uku: kafin a sa wa majiyyaci maganin barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da shi daga ɗakin.

Ɗaya daga cikin abubuwan da takardar ta buƙata shi ne kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara. Hikimar ita ce, nas ɗin da ta riga ta buɗe baki a gaban babban likita sau ɗaya, za ta fi samun ƙarfin halin sake buɗewa idan ta ga audugar da aka ƙirga ba ta cika ba.

An gwada takardar a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya da na Landan da Amman da New Delhi. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsalolin da ke biyo bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7.

A Najeriya wannan batu na da nauyi na musamman, ganin daɗaɗɗiyar takun-saƙar da ke tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU kan albashi da shugabancin asibitoci. Rikicin ya kai gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yayale Ahmed domin duba dangantakar ɓangarorin. Ko wane ne ke da gaskiya a teburin sulhu, likita da nas da mai harhaɗa magunguna da ma'aikacin ɗakin gwaji a kan majiyyaci ɗaya suke aiki, kuma shi ke biyan kuɗin gabar idan suka daina yi wa juna magana.

Saɓani ba shi ne abin tsoro ba

Shugabanni da yawa na auna zaman lafiyar ma'aikata da rashin jin ƙorafi. Binciken Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ya nuna wannan ma'auni na iya yaudara. Da ta yi nazarin rukunonin ma'aikatan asibiti, ta tarar waɗanda suka fi jituwa da kyakkyawan shugabanci su ne suka fi kawo rahoton kurakurai. Dalilin shi ne ba sa tsoron faɗa. A inda ake tsawa da wulaƙanci kuwa, kuskure na nan, rufe shi kawai ake yi.

Shi ya sa ƙa'idar binciken haɗurran jiragen sama ta duniya ta ce manufar bincike ita ce hana sake aukuwa, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. A horon CRM ma ana nanata cewa idan saɓani ya taso, a tambayi mene ne daidai, a bar tambayar wane ne daidai. Da zarar gardama ta koma kan mutuncin mutum, kowa zai kare kansa, aikin ya zama maraya.

Girmama na gaba ɗabi'a ce mai kyau, babu kuma mai cewa a yar da ita. Ana iya cewa "ranka ya daɗe" ko "yallaɓai" sannan a faɗi gaskiya a jimla ta gaba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Sai dai nauyin farko a wuyan shugaba yake, domin ƙaramin ma'aikaci na lura da abin da ya sami wanda ya yi magana kafin shi. Idan an kunyata wancan a gaban jama'a, ko an yi masa canjin wurin aiki, an gama koya wa kowa yin shiru.

Abin da shugaba zai iya farawa gobe

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar kasafin kuɗi. Kafin a fara aikin rana ko wani babban aiki, a tsaya minti biyar: me za a yi, wa ke riƙe da me, ina ake hango matsala. A taro, shugaba ya fara jin ra'ayin ƙananan ma'aikata kafin ya faɗi nasa, domin idan ya riga su, sauran "haka ne" kawai za su ce.

Umarni mai muhimmanci, musamman wanda ya shafi kuɗi ko magani ko lafiyar mutane, a sa wanda aka ba ya maimaita shi. Lokacin miƙa aiki tsakanin masu dutin safe da na dare, a faɗi abin da ya rage ba a gama ba, a kuma rubuta.

Idan ma'aikata biyu suka saɓa, a ji kowannensu shi kaɗai kafin a haɗa su, a kuma tsayar da maganar a kan abin da ya faru da abin da za a yi nan gaba. Gyaran mutum ɗaya a yi shi a keɓe, kada a kai shi zauren WhatsApp na ma'aikata inda kowa ke kallo.

Sannan a fayyace tun da wuri waɗanne abubuwa ne kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantar muƙaminsa, yake da ikon cewa a dakata a kansu, da kuma wanda zai kai wa magana idan na sama da shi ya ƙi ji. Ranar da wani ya yi amfani da wannan dama kuma ya zamana ba shi da gaskiya, a gode masa duk da haka. Yadda shugaba ya karɓi wannan gargaɗin da bai zama komai ba shi zai nuna ko za a kawo masa na gaba.