Ajiya maganin wata rana: girbin dawar bisashe da manyan injuna a Amurka

A tsakiyar ƙasar Amurka, cikin jihohin Tekzas, Okalahoma, Kansas da Nebaraska, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili mai ƙarancin itace da ƙarancin ruwan sama. A nan ake kiwon miliyoyin shanu, na nama da na nono. Daga watan Yuli zuwa Oktoba manoman yankin sukan shiga wani irin girbi wanda ba a kai shi rumbu, ba a kuma zuba shi turmi. Dawa ce suke yankewa tana ɗanya shar, kara da ganye gaba ɗaya, su daddatse ta, su danne, su rufe har ta tsimu, domin shanu su samu na ci cikin watannin ɗari, lokacin da ƙasa ba ta fid da komi. Malaman kiwo suna kiran wannan ajiya ansilaji, watau tsimammen haki.

Asalin irin

Wannan dawa ruwa biyu ce. Gefe ɗaya dawar hatsi ce wadda kowa ya sani. Ɗaya gefen wani haki ne ɗan'uwan dawa, mai siririn kara da yawan ganye, wanda mutanen Sudan suke kira garawi. A shekara ta 1909 wani masanin tsirrai na ma'aikatar noma ta Amurka, mai suna Charles Piper, ya sa aka aiko masa da irin garawi daga Hartum. Abin da ya iso bai kai kilo guda ba. Aka shuka shi a gonar gwaji ta Chillicothe, cikin jihar Tekzas, aka ga yana jure fari, in an yanke shi kuma yana sake tohowa. Cikin ƴan shekaru ya bazu a gonakin yankin, manoma suka laƙaba masa suna hakin Sudan.

Auren irin biyu ya zo daga baya. A 1954 wasu masana biyu, Stephens da Holland, suka bayyana hanyar samun dawar da furenta ba ya fid da garin namiji, sai dai ya karɓa daga wata. Da wannan dabara aka samu damar haɗa iri da iri a manyan gonaki. Aka haɗa dawa da hakin Sudan, aka samu shuka mai tsawon mita 2 zuwa 3, wani lokaci ma fiye. Ta gaji yawan kaya daga dawa, ta gaji saurin toho daga garawi. A 1978 kuma masanan jami'ar Purdue suka ba da labarin wata dawa mai jan jijiya a tsakiyar ganye, wadda karanta ya fi laushi, ya fi narkewa a tumbin saniya. Yau ana sayar da irin dawar bisashe iri-iri masu ɗauke da wannan hali.

Ita kanta dabarar tsima ɗanyen haki ta girmi wannan dawa. Wani manomi Bafaranshe, Auguste Goffart, shi ya rubuta littafi a kanta a 1877, bayan ya daɗe yana gwada ta da masara. Daga nan ta yaɗu har Amurka.

Ruwa ne dalili

A wurin masu shanun nono, masara ce sarauniyar ansilaji, don ƙwayarta na ƙara ƙarfin abinci. Amma masara mai ƙishirwa ce. Manoman wannan fili sun dogara da wani babban tafki na ƙarƙashin ƙasa da ake kira Ogallala, wanda ya ratsa jihohi 8, faɗinsa wajen murabba'in kilomita dubu 450, watau ya ɗara kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Nijar. Tun daga shekarun 1950 ake jan ruwansa da injuna fiye da yadda sama take mayarwa. A wasu sassan Tekzas da Kansas ruwan ya yi ƙasa da sama da mita 45, rijiyoyi da dama sun rage zuba. Farin 2011 da na 2012 ya ƙara tsananta lamarin, har makiyaya da yawa suka sayar da shanunsu don rashin abinci.

A nan dawa ta samu shiga. Saiwarta na nitsewa ƙasa, ganyenta na naɗewa in rana ta yi ƙuna, takan dakata da girma ta jira ruwa, in ya sauka ta ci gaba. Manomin da rijiyarsa ba za ta iya shayar da masara ba yana iya samun abincin shanunsa daga dawa. Ita ma tana da nata maƙiyi: a 2013 wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye ya ɓulla a gonakin dawa na kudancin ƙasar, yana barin danƙo bisa ganye, danƙon kuma yana toshe injin girbi.

Lokacin yanka

Ana shuka ta bayan ƙasa ta ɗumama, cikin Mayu ko Yuni. Bayan kwana 45 zuwa 60 ta isa yankan farko. Wanda yake son abinci mai kyau yakan yanke ta tana da tsawon mita guda ko ɗan fiye, kafin ta fid da kai. In ya bari ta wuce haka, kaya zai ƙaru, amma kara zai yi tauri, saniya ta ci ta kasa ba da nono. Ana barin kututture mai tsawon santimita 15 zuwa 20, don daga gaɓoɓinsa sabon toho yake fita. Bayan wata guda ko ɗan fiye sai a koma yanka na biyu.

Babbar wahalar ita ce ruwan jikin shukar. Sabon yanka yana ɗauke da ruwa kashi 80 cikin 100 ko fiye, ansilaji kuwa yana son kashi 65 zuwa 70. In aka rufe shi jiƙe sharkaf, ruwansa zai tsiyaye da amfaninsa, ya yi ɗoyi, shanu su ƙi shi. In ya bushe da yawa, ba zai dannu ba, iska ta shiga, ya yi zafi ya yi hunhuna. Saboda haka ake fara shiga gona da injin yanka mai faɗin mita 4 zuwa 5, wanda yake murtsuke kara tsakanin wasu ƙarafa biyu masu juyawa, ya kwantar da shi jeri-jeri ya sha rana yini ɗaya ko biyu. Manomi yakan damƙi daddatsen hakin a hannu ya matse. In ruwa ya ɗiga, da saura. In dunƙulen ya tsaya, sannan ya warware a hankali, lokaci ya yi. Manyan gonaki kuwa da na'ura suke awo.

Inji mai cin gona

Sai babban injin ya shigo, mai tuƙa kansa, mai tsayi kamar soro. Kamfanonin Claas da Krone na Jamus, da John Deere da New Holland, su ne sanannu wajen ƙera shi. Claas ya fito da nasa, mai suna Jaguar, tun 1973. Manyan na yau suna da ƙarfin dawaki 900 ko fiye. Injin yana kwasar jerin karan daga ƙasa, ya tura shi ga wata ganga mai wuƙaƙe wadda take juyawa sama da sau dubu a minti guda, ta datse shi gutsi-gutsi, tsawon santimita 1 zuwa 2. Daga nan iska mai ƙarfi ta hura shi ta wani dogon wuya zuwa cikin motar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da injin. Wannan na cika, wata ta maye gurbinta, ba a tsayawa. A bakin injin akwai na'urar da take jin ƙarfe ta tsayar da aiki nan take, don guntun waya yana karya wuƙa, in kuma ya shiga cikin saniya yana huda ta.

Lissafi kaɗan zai nuna abin da ya sa ake sayen irin wannan inji. Garke mai saniya dubu, in kowace tana cin kilo 20 a yini, yana bukatar tan 20 kullum, tan dubu 7 da 300 a shekara. Injin da yake datsar tan 150 a awa zai tara wannan cikin awa 50. Da lauje da adda, dawar za ta tsufa a tsaye kafin a ci rabinta. Sai dai sabon inji yakan wuce dalar Amurka dubu 500, wajen miliyan 300 na sefa ke nan, ban da gazuwal da gyara. Don haka manoma da yawa ba su mallake shi ba. Ƴan kwangila ne suke yawo da injuna da motoci da direbobi daga gona zuwa gona, ana biyansu bisa tan ko bisa awa. In inji ya lalace yini guda, ko ruwa ya sauka bisa yankakken kara, hasarar tana kan mai gona.

Danna da rufi

Motoci suna juye kaya a wani dogon wuri mai daɓen siminti da bango biyu, ko kuma a tara shi tudu a fili. Taraktoci masu nauyi suna baza shi shimfiɗa-shimfiɗa, kaurin kowace kada ya wuce santimita 15, suna hawa suna sauka a kai. Ƙa'idar masu aikin ita ce nauyin tarakta kilo 400 ga kowane tan da yake isowa cikin awa. Mai karɓar tan 150 a awa yana bukatar taraktoci masu nauyin tan 60 a kan tudun. Da an gama sai a lulluɓe da leda mai kauri, a jera tsofaffin tayoyi a kai.

Duk wannan wahala don korar iska ake yin ta. Inda babu iska, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin masu mai da madara kindirmo, suna cin zaƙin karan su fid da tsami, tsamin kuma shi yake hana ruɓa. Bayan mako 3 ansilaji ya nuna. Mai kyau yana da launin kore mai ratsin rawaya da ƙamshin tsami mai daɗi, yana kuma iya shekara ko fiye muddin leda ba ta huje ba. In an buɗe, daga baki guda ake ɗiba kullum, ana yankar fuskar sumul.

Gubar da ke cikin kara

Makiyayan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa ƴabanyar dawa da gyauronta suna kashe saniya. Dalilin shi ne wani sinadari na cikin ɗanyen ganye wanda yake komawa guba mai suna siyanid in an tauna shi. Tana hana jiki amfani da iskar numfashi, dabba ta faɗi cikin mintoci. Gubar ta fi yawa a ƙaramar shuka, da sabon toho bayan fari, da wadda sanyi mai daskarar da raɓa ya ƙona. Shi ya sa malaman gona na Amurka suke hana sakin shanu a gonar da ba ta kai santimita 45 zuwa 60 ba, suna kuma cewa a jira mako guda bayan irin wannan sanyi. Tsimawa tana rage gubar ƙwarai, don takan fice kamar tururi.

Guba ta biyu nitarat ce, wadda take taruwa a gindin kara in an zuba takin zamani da yawa sannan ruwa ya ɗauke. Maganinta a ɗaga wuƙa sama a bar gindin a gona, a kuma kai samfur ɗakin awo kafin a ba shanu. Mutum ma bai tsira ba. A makonnin farko ansilaji yana fid da wata iska rawaya mai warin ruwan jabel, mai nauyi, wadda take kwanciya a ƙasa. Ta ƙona huhun ma'aikata da dama, ta kashe wasu, musamman a dogayen rumbunan da suke rufe.

Abin lura ga Nijar

Dawa ƴar Afirka ce, matsalar kuma ba baƙuwa ba ce. Abin da ɗari yake yi wa makiyayin Kansas shi rani yake yi wa na Tawa da Damagaram, kuma farin 1973 da na 1984 sun nuna abin da rashin ajiya yake jawowa garke. Akwai ma tsohuwar hulɗa: haɗin gwiwar cibiyar binciken noma ta INRAN da jami'ar Purdue shi ya haifar da dawa mai aure ta NAD-1 a 1992.

Injin miliyan 300 bai dace da gonar hekta 2 ba, manomin da yake jiran zangarniya don tuwon iyalinsa kuma ba zai yanke dawarsa ɗanya ba. Amma tsimin bai dogara da girman inji ba. Rami a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, adda ko ƙaramin injin datsar kara, leda, da ƙafafun masu tattakawa sun isa. Wurin da abin ya fi dacewa shi ne gonakin ban ruwa irin na Ƙonni da Jiratawa da bakin kogin Kwara, da masu shanun nono na kewayen birane, da kuma gonar da ruwa ya ɗauke mata tun ba ta yi ƙwaya ba, wadda in an bar ta rana ce za ta cinye. Sharaɗin bai canza ba, a Tekzas ko a Maraɗi: a yanka kan lokaci, a datsa ƙanana, a danne sosai, a rufe ranar da aka cika, a kuma yi haƙurin mako 3. Ƙungiyar makiyayan da ta gwada rami guda a ƙarshen damana, tare da shawarar malamin kiwo, za ta ga sakamakonsa a ƙwaryar nono cikin watan Afrilu. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana.